Azumin Keken Baba

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, daidai inda na san shi shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Ranar sha biyu ga wata aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun da hantsi, muka fito tsakar gida muka zube ƙarƙashin rumfa, kowa na fifita da abin da hannunsa ya samu. Rukayya, 'yar masu haya a gidanmu da ke karatun lantarki a lise, wato sakandare, ta kunna wani shiri a salularta, irin wanda ake saukewa a saurara duk lokacin da aka ga dama. Samari biyu ne da budurwa guda suna hira da Faransanci suna dariya, suna ba da labarin yadda suka farke tsoffin batiran ordinater, wato kwamfuta, suka haɗa fitila. Ban bi su sosai ba, gyangyaɗi nake yi. Sai na ji budurwar ta ce "diyod". Na tashi zaune, na ce Rukayya ta mayar mini da wurin baya. Ta dube ni da mamaki, ta tambaye ni inda na san kalmar. Na ce mata na riƙe diyod a tafin hannuna tun uwarta ba ta yi aure ba.

A waccan shekarar ina gidan iyayena a nan unguwar Zango cikin birnin Waga, na zo haihuwar fari. Mijina direba ne, yana kan hanyar Lome, sai ya yi wata bai leƙo Waga ba. Na haifi Sa'adatu, na gama wankan arba'in da kwana goma, aka ga watan azumi.

Ban taɓa ganin zafi irin na wannan bazarar ba. Tun ƙarfe tara kwanon ɗaki yake fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana jifansa da tsakuwa. Kafin azahar ba ka iya jingina da bango. Ruwan randa ya koma kamar wanda aka sauke daga murhu. Ƙadangaru suna maƙale a inuwar katanga baki buɗe, ungulayen da ke kan rufin mahauta ma sun daina tashi. Idan na jiƙa zane na rufe jaririyar, kafin in kai tulu inda yake in dawo ya bushe ƙayau. Ruwa kuma ya yi wuya. Innata takan fita bayan sallar asuba da bokiti biyu ta bi layin famfo, wani lokaci ta dawo da ɗaya a cike, wani lokaci ta dawo da labari kawai. Masu tura barik ɗin ruwa a amalanke suna wuce ƙofarmu ba sa ko waiwaye, ruwan nasu an riga an yi masa mai shi tun daga famfo. Gidanmu ba a ja kuran ba a lokacin, kuma waɗanda suka ja ɗin ma ba su fi mu da komai ba, don kullum a ɗauke yake.

Da magariba muna shan ruwa da zom-kom, wato ruwan garin gero da tsamiya da citta, sai ƙosai da ɗan mangwaro. Ƙanƙara sai dai mu ji labarinta. A makon farko aka fitar da gawar wani tsoho daga layinmu, bayan kwana biyu aka fitar da ta wani jariri sa'an Sa'adatu, daga gida na uku da namu. Na ga uban ya wuce da shi a hannu cikin 'yar tabarma. Daga ranar ban ƙara barcin kirki ba.

Ƙurajen zafi suka feso wa Sa'adatu daga wuya har cinya. Ta rage kama nono, kukanta ya zama siriri. Na kai ta asibitin unguwa, matar da ta duba ta ta taɓa maɗigarta, ta ce in ajiye azumi nan take, in yi ta shan ruwa, in kuma nema wa yarinyar sanyi ko ta halin ƙaƙa, musamman daga azahar zuwa la'asar. Na dawo na faɗa a gida. Kunya ta sa na ce zan ci gaba da azumina. Baba ya ce Allah bai ɗora mini ba, in je in sha ruwa yanzu yana jin ƙarar maƙogwarona. Na sha ina kuka. Amma sanyin fa, a ina za a samo shi? Ni da Inna muka yi ta karɓa-karɓa da mafici har kafaɗunmu suka sage, kuma iskar da yake kawowa mai zafi ce, kamar ta bakin tanda.

Babana mutumin Ƙonni ne. Ya shekara talatin yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Waga da Yamai da Kano, har yanar ido ta rufe masa idanu duka biyun. A lokacin da nake ba da labari ya shekara huɗu ba ya gani. Ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Yakan wuni a zaure a kan buzu, carbi a hannun dama, rediyo a gefen hagu. Duk shirye-shiryen da ake yi akwai guda da ba ya yarda ya wuce shi. Kowace Lahadi da hantsi, a wata ƙaramar tasha da aka buɗe ba da jimawa ba, wani mutum yakan yi rabin awa yana koya wa mutane yadda ake gyaran rediyo da tocila da agogo, da yadda ake haɗa abubuwa daga tarkacen da aka zubar. Da Faransanci yake yi, yana sirkawa da Mosanci, yaren mutanen gari. Faransancin Baba na kan hanya ne, na jandarma da duwan masu kwastan, don haka ni da na yi aji shida a lakwal, makarantar boko, nake zama kusa da shi ina juya masa da Hausa. Mu dai Mushe muke ce wa mai shirin, wato Malam da Faransanci.

Abin da ke ba ni mamaki tun a lokacin shi ne, Mushe ba shi da hoton da zai nuna wa kowa. Da baki yake zana komai. Sai ya ce a kama jar waya da hannun dama, a bi ta har inda ta shiga, a lalubi wani abu kamar ƙwayar wake mai ƙafa biyu. Ni mai ido sai in rikice. Baba kuwa yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa, yana bin wayar da babu ita, yana gyaɗa kai. Wata rana ya ce mini wannan mutumin don makafi yake shirinsa, shi ne dai bai sani ba.

Lahadin farko ta azumi Mushe ya yi magana a kan moter, ɗan injin nan da ke juya kaset a rediyo ko fanka a gaban mota. Ya ce idan ka ba shi kuran sai ya juya, wannan kowa ya sani. Amma idan kai ka juya shi da ƙarfinka, shi ne zai ba ka kuran. Na fassara na wuce, hankalina na wurin 'yata. Baba ya kama hannuna ya ce in maimaita. Na maimaita. Da aka gama shirin ya ce in jawo masa akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, in kuma fito da tsohon kekensa daga ɗakin ajiya.

Inna ta ce, "Malam, yarinya ba lafiya, kai kuma wasan yara za ka tayar mana?"

Ya ce, "Ki bar ni in gwada. Hannuna bai makance ba."

Kwana uku muka yi muna aikin, daga bayan asuba zuwa lokacin da rana ta kore mu. Ya zazzage akwatin a kan tabarma, yana ɗaukar abu ɗaya-ɗaya yana shafawa yana faɗin sunansa da motar da ya fito daga cikinta. Ya ware moter biyu, babba na fankar wata mota, da ƙarami na wata matacciyar rediyo mai kaset. Ya sa na yanka gwangwanin madara da almakashin Inna, na fitar da fukafukai huɗu, shi kuma ya lanƙwasa su da yatsa, yana gwada kowanne a kumatunsa har suka zo daidai. Muka ɗaure su a kan ƙaramin. Keken kuma muka ɗage ƙafarsa ta baya a kan wasu katakai biyu, muka danne shi da turmi da duwatsu. Ya naɗe bakin babban moter da robar tub ɗin taya, ya matse shi a jikin tayar baya. Wurin haɗa wayoyi ni ce idonsa. Muna sa ƙusa mai kauri a garwashi ta yi ja, in kama ta da filaya in narka dalma inda yatsansa ya nuna. Har yau akwai tabo a babban yatsana na hagu.

Ranar Laraba da hantsi ya ce in hau. Na ɗaure zane na hau na fara taka feda. Taya ta yi gurnani, moter ya ɗauki kuka, sai kawai fukafukan gwangwanin nan da ke can kan kujera, nesa da ni taku biyar, suka motsa, suka juya, suka ɓace wa ido. Babu abin da ya haɗa ni da su sai siraran wayoyi biyu a ƙasa. Baba ya miƙa fuskarsa, gemunsa ya kwanta gefe guda. Ya ce a jiƙa buhu a rataye a gaban fankar, a kwantar da Sa'adatu a bayansa. Iskar da ta ratso buhun nan mai sanyi ce, irin ta bakin rijiya. Inna ta sa hannu ta janye, ta sake sawa, ta yi salati a hankali. Ba ta ƙara cewa wasan yara ba.

Sai dai da na tsaya in huta, fanka ta tsaya. Baba ya riga ya yi tunanin wannan. Yana da tsohon batir na mota da ya daɗe a mace, don wurin cajin da ke bakin kasuwa shi ma ba kuran. Dabararsa ita ce mu tuƙa da sanyin safiya mu cika batir, da rana kuma batir ya juya fanka kowa na kwance. Washegari muka haɗa. Na tuƙa har na jiƙe, na sauka. Ina sauka, tayar baya ta ci gaba da juyawa. Ba ta rage gudu ba. Keke ba kowa a kansa, taya na ta wulwulawa, har ƙarar tana ƙaruwa. Inna ta saki ƙwaryar da ke hannunta ta yi bayan randa tana neman tsari. Ni kaina gashin jikina ya tashi. Baba ya tambayi abin da ke faruwa, na gaya masa. Ya saurara, sai ya fashe da dariya, ya lalubi waya guda ya fizge, taya ta tsaya. Ya ce ba aljani ba ne, batir ne yake amayar da abin da muka ba shi, kuran ɗin yana komawa ta hanyar da ya zo. Ya gwada riƙe wayar da hannu, ya haɗa idan na yi sauri ya cire idan na rage, amma ƙafar mutum ba ta tafiya daidai, abin da muka zuba da tsiya sai ya zurare. Ya rasa yadda zai tare shi.

Ya ce in ɗauko takarda. Ya faɗa da Hausa na rubuta da Faransancina na aji shida, muka bayyana wa Mushe keken da batir da jaririyar, muka tambaye shi yadda ake hana kuran komawa baya. Da yamma na goya Sa'adatu na kai wasiƙar tashar da ƙafa, na ba mai gadi.

Kafin amsa ta zo, dole wani ya kasance a kan keke daga azahar zuwa la'asar. Ni ba na azumi, amma idan na tuƙa da yawa nono yana ɗaukewa. Baba yana hawa, sai dai ƙirjinsa ba ya kai shi nisa. Inna, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba, ta tattare zane ta hau da azumi a bakinta, tana tuƙi tana ja mini kunne kada in kuskura in gaya wa matan layi.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga wata Bamosa ce mai suna Tene, Kirista, mai sayar da gyaɗa da mangwaro a bakin titi. Ƙarar keken ta sa ta leƙo ta kan katanga. Ta ga Inna a kai, ta ga jaririya a bayan buhu. Ta zagayo ta shigo, ta ce wa Inna da Mosanci ta sauka, ita ta ci tuwonta ta sha ruwanta. Tun daga ranar, da rana ta take sai ta rufe tirenta ta zo. Tene doguwa ce mai ƙarfi, da keke take zuwa sarin mangwaro har bayan gari. Takan yi awa guda a kai ba ta sauka ba, tana 'yar waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa, Baba na gefe yana jan carbi. Yaaba take ce masa, wato kaka.

Lahadi ta zo muka kewaye rediyo. Mushe ya yi rabin awarsa a kan gyaran tocila, bai ce komai game da mu ba. Baba ya kashe rediyon ya ce wataƙila mai gadi ya yi fifita da takardar.

Wannan makon shi ne mafi tsanani. Iska ta tsaya cak, ko ganyen dalbejiyar ƙofar gida ba ya motsi. Sa'adatu ta yi zazzaɓi kwana biyu, idanunta suka faɗa. Ranar Talata Tene ta tafi jana'izar wani ɗan'uwansu a ƙauye. Inna ta hau bayan azahar, ta ƙi sauka da na ce ta sauka, can sai na ga kanta ya langaɓe, ta zamo ta faɗi a gefen turmi. Na rasa wanda zan kama, uwata ko 'yata. Baba ya rarrafo yana lalube har ya same ta, ya ce in zuba mata ruwa a ka in ɗura mata a baki, shi zai amsa a gaban Allah. Da ta farfaɗo ya bar ta a hannuna ya hau keken da kansa. Na ga tsohon nan makaho, leɓɓansa sun tsage, rigarsa ta manne a bayansa, yana taka feda a hankali yana haki, bai sauka ba sai da aka kira la'asar.

Lahadi ta uku, ana buɗe shiri Mushe ya ce yau wasiƙa zai karanta, daga Zango, daga wani tsohon direba da ba ya gani. Ya nemi gafara, ya ce sai yau ta iso hannunsa. Ya karanta ta duka, har da kurakuraina. Na kasa fassarawa. Baba ya ce, "Uwata, ki yi magana mana, me yake cewa?" Mushe ya ce abin da muke nema sunansa diyod. Ya ce ƙofa ce da ke barin kuran ya shiga, ba ta barinsa ya fito. Ya ce kada mu je kanti, mu nemi mataccen altarnater na mota, injin nan da ke cajin batir, akwai su har shida a cikinsa, manya, masu jure aiki. Ya faɗi yadda ake gane gabanta da bayanta da ƙwan fitilar mota. Sannan ya ce duk mai sauraro da ke da gareji ya taimaki wannan tsoho.

Baba ya dafe kai. Ya ce shekara talatin yana zaune a kan wannan abu, yana jin sa yana aiki a ƙarƙashin ƙafarsa, bai taɓa sanin akwai ƙofa a ciki ba.

Da sassafe ranar Litinin na ja masa sanda muka shiga mota zuwa unguwar Sisin, garejin wani tsohon abokinsa. Muka tarar ya ji shirin shi ma, har ya fasa altarnater ya ajiye mana. Ya zuba mini abu uku a hannu, kowanne bai fi goro ƙanƙane ba, baƙi-baƙi da maiƙo. Na yi ta kallonsu a hanya. Na kasa yarda cewa rashin wannan ɗan abin ne ya sa uwata ta faɗi.

A gida muka yi gwajin da Mushe ya ce. Muka jera diyod da ƙwan fitila, na hau keke na taka. Baba ba ya ganin haske, don haka ya riƙe ƙwan a leɓensa na ƙasa. Karo na farko shiru. Ya juya diyod ɗin ya ce in sake. Na ga ƙwan ya yi ja a bakinsa, kafin in yi magana ya ce, "Ya yi ɗumi. Nan ce ƙofar." Na narka dalma na like. Na tuƙa, na sauka, muka zuba wa taya ido. Ta yi juyi uku ta tsaya, ta tsaya ɗin nan kuwa.

Washegari bayan asuba muka yi layi. Baba ya fara, Inna ta karɓa, na karɓa, Tene ta shigo da hantsi ta ƙarasa kafin ta fita kasuwa. Da azahar ta yi, zafi ya sauko kamar kullum, Baba ya cire wayoyin daga keke ya maƙala na fanka a kan batir. Fukafukai suka ɗauka. Keke na jingine ba kowa, mu duka muna zaune a tabarma, iska mai sanyi na fitowa ta cikin buhu. Ni dai abin da ke yawo a kaina shi ne, wannan iskar ƙafafunmu ne na ɗazu da safe, gumin Inna ne da na Tene, aka ajiye shi a cikin baƙin akwati ya jira mu har azahar. Na yi karatu kaɗan, an gaya mini duniya na juyawa, ban ji komai ba. Amma ranar nan tsigar jikina ta tashi. Inna ta ce a hankali, "Allah mai iko," ta kwanta a gefen jikarta, barci ya ɗauke su tare.

Batir ɗin tsoho ne, ba ya kai mu la'asar sosai, wani lokaci sai an ɗan hau an ƙarasa. Amma ba wanda ya sake faɗuwa. A cikin goman ƙarshe zazzaɓin Sa'adatu ya sauka, ƙurajen suka bushe suka fara ɓarewa, ta kama nono har ina jin zafi. Matan layi suka ji labari. Wata ta kawo jaririnta, wata ta kawo tsohuwar uwarta, aka shimfiɗa su a jere a bayan buhu, kuma duk wadda ta kawo nata sai ta zo da asuba ta taka nata rabon. Sirrin Inna ya tonu, don ita ce ma ta koma koya wa sauran yadda ake tattare zane. Ana saura kwana biyu salla hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwan nan na farko da muke kira ruwan mangwaro. Ƙasa ta yi ƙamshi, muka tsaya a cikinsa da kayanmu. Baba ya ce a shigar masa da batir tukuna kafin kowa ya yi murna.

Yanzu Sa'adatu na da 'ya'ya uku, tana aure a unguwar Wemtenga. A rufin gidanta akwai faranti mai ɗaukar hasken rana, ko an ɗauke kuran fankarta ba ta tsayawa, kuma ba wanda ya taɓa yin gumi dominta. Na gaya mata labarin keken ya fi sau goma, tana saurara kamar labarin wata daban.

A waccan shekarar, bayan salla da mako guda, wani mutum ya yi sallama a zaure, ya jingine tsohuwar mobilet, ɗan ƙaramin babur. Gajere ne siriri, da tabarau mai kauri da alli a hannun rigarsa, yana rataye da rakoda. Yana buɗe baki Baba ya miƙe tsaye ya ce, "Mushe ne." Ni da na ɗauka wani ƙaton injiniya ne mai mota, ashe malamin makaranta ne a unguwar Bilbalogo, ranar Lahadi kawai yake zuwa tashar. Ya durƙusa ya gaida Baba da hannu biyu. Muka kai shi wurin keken. Ya zagaya shi, ya tsuguna, ya bi wayoyin da yatsa, ya taɓa fukafukan gwangwani. Sannan ya cire tabarau ya goge, ya ce in gaya wa Baba wata magana.

Ya ce, "Papa, ni a littafi na karanta. Ban taɓa haɗa shi da hannuna ba. Yau ne na fara ganinsa yana aiki."

Na fassara. Baba ya yi murmushi ya ce to ai sai ya hau ya ji. Mushe ya naɗe ƙafar wandonsa ya hau, ya taka, fanka ta juya, ya yi ta dariya kamar yaro har tabaransa na zamewa. Da ya sauka ya kunna rakoda ya ce Baba ya bayyana yadda ya yi, da Hausa, daga farko har ƙarshe, shi zai sa a juya wa sauran. Baba ya gyara zama ya yi bayani tiryan-tiryan, yadda Mushe ke yi, a kama wannan da hannun dama, a bi shi har inda ya shiga. Ya ambaci Inna, ya ambaci Tene, ya ce ƙafarta ta fi ta kowa.

Lahadin da aka sa hirar a rediyo, zaurenmu bai ɗauki mutane ba, har a titi aka tsaya. Tene ta zo da tirenta a ka. Da aka ambaci sunanta ta rufe fuska da gyale. Baba ya saurari muryarsa kansa a sunkuye, yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Aka gama, mutane suka yi ta yi masa barka, shi kuwa na ga fuskarsa ba ta saki ba. Da aka watse na tambaye shi ko wani abu ne bai yi masa daɗi ba.

Ya ce, "Tsohon nan ya yi mantuwa. Bai gaya musu diyod ɗin yana zafi ba, sai an ɗaure shi a jikin ƙarfe. Wani zai ƙona yatsa, ko ya ƙona abin gaba ɗaya." Ya laluba ya kashe rediyon. "Tashi, Uwata, ki nemo biro tun mutane ba su fara haɗawa ba."